Mata Marubuta da Hanyoyin Fitar da Littafi: Darasi Daga Salaga da Kano

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin adabi yakan ɗauki littafi ya nazarci jigonsa da salonsa da zubinsa, amma ba kasafai yakan tsaya ya tambayi yadda aka yi littafin ya iso hannunsa ba. Wannan tambaya kuwa tana da muhimmanci, musamman a nazarin rubuce-rubucen mata. Dalili shi ne, hanyar da marubuciya ta samu ta fitar da aikinta ita ce sau da yawa take zaɓa mata harshen da za ta yi rubutu da shi, da tsawon labarin, da irin mutanen da za su karanta, har ma da abin da za ta iya faɗa da wanda za ta haɗiye.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dangantakar da ke tsakanin dabarun rubutu da hanyoyin ɗab'i. An ɗauki garuruwa uku na arewacin Gana, wato Salaga da Yendi da Bawku, a matsayin mafari, saboda wurare ne da Hausa ta daɗe da kafuwa a baki da kuma a rubuce. Daga nan za a duba hanyoyi huɗu da mata suka bi a ƙasar Hausa domin isar da rubutunsu ga jama'a, sannan a koma Salaga a ga yadda wata marubuciyar Gana ta rubuta labarin matan garin.

2.0 Hausa da Rubutu a Salaga da Yendi da Bawku

Fataucin goro ne ya kai Hausawa ƙasar Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da tufafi da kanwa da kayan fata, ya ratsa Borgu ko ƙasar Gurma, ya yada zango a Yendi, fadar sarkin Dagwamba, kafin ya sauka Salaga, inda ake haɗuwa da goron da ya fito daga dazuzzukan Ashanti. A ƙarni na 19 Salaga ta yi suna a cinikin goro, ta kuma yi suna a cinikin bayi. Kasuwarta ta fara ja baya bayan da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa mazauna garin. Ita kuwa Bawku, wadda take kusa da iyakar Gana da Burkina Faso da Togo, gari ne na kasuwa inda Kusasi da Mamprusi da Mosi da sauran ƙabilu suke haɗuwa, Hausa kuma tana cikin manyan harsunan da ake ciniki da su.

Fatake ba haja kaɗai suka kai ba, sun tafi da malamai da allo da tawada. Mafi shahara a cikin malaman nan shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya kuma rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich bayanai masu yawa da ajami a kan tarihi da al'adun Hausawa. Akwai kuma Malam Alhasan na Salaga da Malam Halidu na Yendi, waɗanda suka rubuta tarihin sarautun yankin. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana tattara irin waɗannan takardu.

Abin lura a nan shi ne, sunayen da suka yi fice a wannan taska duk na maza ne. Wannan ba ya nufin matan zango ba su da fasaha. Suna da tatsuniya, da waƙoƙin biki da na raino, da waƙoƙin bege da ake rerawa a lokacin Mauludi. Abin da ya bambanta su da maza shi ne hanya. Malami yana da almajirai masu kwafe masa takardu, yana da abokai a garuruwa masu karɓa su adana. Fasahar mace kuwa takan tsaya a baki, baki kuma ba ya ajiye suna kamar yadda takarda take yi.

3.0 Hanyoyin da Mata Suka Bi a Ƙasar Hausa

3.1 Hanyar Kwafi da Hadda

Tun kafin zuwan injin ɗab'i, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793 zuwa 1864) ta samar wa rubutunta hanyar yaɗuwa. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yantaru, inda take naɗa dattijuwar mace a matsayin jaji. Jaji kan zo daga ƙauye da ayarin mata, ta haddace waƙoƙin, ta koma ta koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba.

Wannan hanya ita ta tsara salon. Tun da kunne ake rubuta wa, ba ido ba, sai aka zaɓi waƙa mai kari da amsa-amo, domin ita ce ke zama a ka. Tun da kuma matan karkara ake nufi, sai aka sauƙaƙa harshe. Ke nan zaɓen Hausa a wasu ayyukanta, maimakon Larabci, shawara ce da ta shafi masu sauraro. Irin wannan gado ya ci gaba har ƙarni na 20. A 1983 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Alƙalami a Hannun Mata, wanda ya ƙunshi waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda Beverly Mack ta tattara.

3.2 Hanyar Gasa da Kamfani

Ƙagaggen labari na boko ya faro ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Littattafai biyar da suka fito daga gasar, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, duk maza ne suka rubuta su. Sai a 1980, bayan wata gasar da NNPC ya shirya, aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda masana suke ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Tsakanin gasar farko da fitowar wannan littafi shekara 47 ke nan.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Kamfani yana da editoci masu gyara ƙa'idojin rubutu, yana da hanyar shigar da littafi makarantu, yana kuma sake bugawa idan ya ƙare. Illarta kuma ita ce ƙofar ƙarama ce. Sai an yi gasa, gasa kuwa ba kullum ake yi ba, kuma mutum uku ko huɗu ne suke tsallakewa. Duk da haka Hafsatu ta shigo da sabon abu: budurwa Bafilatana, Boɗaɗo, wadda ta tsaya a kan zaɓinta na aure duk da adawar dangi, ga kuma kalmomin Fulatanci da aka tsarma a cikin zance domin a ji muryar gidan da labarin ya fito.

3.3 Hanyar Buga wa Kai

A tsakiyar shekarun 1980 abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban matasa, maza da mata, masu iya karanta Hausa. Na biyu, matsin tattalin arziki da shirin gyaran da gwamnatin Nijeriya ta ɓullo da shi a 1986 sun sa takarda ta yi tsada, kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai marubuta suka fara tara kuɗi, su kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, su kai wa 'yan kasuwa da kansu. Talatu Wada Ahmed, mai Rabin Raina, tana cikin matan da suka fara bin wannan hanya. Daga baya Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa wannan adabi suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo doguwar muhawara tsakaninsa da masu kare marubutan, irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu.

Balaraba Ramat Yakubu misali ce babba. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta kuma sha bayyana cewa wannan ne ya sa take rubutu da Hausa ba da Ingilishi ba. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ta kasance cikin jagororin ƙungiyar Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, daga baya ta jagoranci ƙungiyar mata marubuta ta Kallabi. Ƙungiya a nan ita ta maye gurbin kamfani: ana duba wa juna rubutu, ana nuna wa sabuwar marubuciya maɗaba'a, ana kuma tallata littattafan juna a bangon baya. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suke kira Anti Bilki, ita ma ta wannan hanya ta fitar da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda da Ni a shekarun 1990.

Yanzu sai a duba yadda kasuwa ta shafi dabara. Da yake jarin marubuciya kaɗan ne, sai ta raba labari ɗaya kashi biyu ko uku, ta buga na ɗaya, abin da aka samu ta buga na biyu da shi. Wannan ya tilasta mata ƙwarewa wajen yanke labari a daidai inda hankalin mai karatu ya tashi, domin idan ba a ƙosa a ga na biyu ba, jari ya karye. Haka kuma, da yake ana karanta littattafan a gidajen rediyo da tsakar gida, sai hira tsakanin taurari ta yi yawa, bayanin mai ba da labari ya ragu. Harshen kuma ya koma na yau da kullum, irin wanda kishiyoyi da ƙawaye da uwa da 'ya suke yi. Bugu da ƙari, tun da babu editan da zai ce a cire, mata sun samu damar taɓo auren dole da saki da kishi da hana 'ya mace karatu, daga ɓangaren wadda abin ya shafa. A Alhaki Kuykuyo Ne, alal misali, mai karatu yana tare ne da Rabi, wadda mijinta ya kora da 'ya'ya tara, yana ganin yadda take sana'ar abinci ta riƙe gida.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Rashin edita ya jawo kurakuran rubutu, musamman wajen raba kalmomi da haɗe su da kuma baƙaƙe masu lanƙwasa. 'Yan kasuwa kan sayi rubutu a kan kuɗi kaɗan su ci ribarsa. Ga kuma zargin ɓata tarbiyya, wanda ya kai ga ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sannan Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Duk da haka aikin ya ƙetare iyaka: a 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Ingilishi ta Alhaki Kuykuyo Ne, wadda Aliyu Kamal ya yi.

3.4 Hanyar Waya da Rediyo

Da wayar hannu ta yaɗu, kasuwar littattafan takarda ta ja baya, marubuta da yawa suka koma intanet. Marubuciya kan saki labarinta shafi-shafi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, ta ba da shafukan farko kyauta, wanda yake son ci gaba ya biya. A nan masu karatu suna tofa albarkacin bakinsu tun labari bai ƙare ba, wani lokaci har su sa a sauya masa alkibla. A ɗaya ɓangaren kuma, Sashen Hausa na BBC ya ƙaddamar da gasar Hikayata a 2016 domin mata. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarin Sansani, a 2022 kuma Amira Souley daga Maraɗi ta lashe da Garar Biki. Gasar ta dawo da abin da kasuwa ta yi watsi da shi, wato taƙaitawa, domin an ƙayyade yawan kalmomi, dole marubuciya ta tsaya a kan matsala guda.

4.0 Labarin Salaga Daga Alƙalamin Mace

Littafin da ya fi fito da matan Salaga ga duniya da Ingilishi aka rubuta shi. Shi ne The Hundred Wells of Salaga, wato Rijiyoyi Ɗari na Salaga, na Ayesha Harruna Attah, wadda aka haifa a Akara a 1983. Iyayenta 'yan jarida ne, ta kuma yi karatun jami'a a Amurka. Littafinta na farko, Harmattan Rain, ya fito a 2008 daga Per Ankh, wata maɗaba'ar haɗin gwiwa da ke Senegal, inda ta zauna tana rubutu ƙarƙashin kulawar marubucin Gana Ayi Kwei Armah. Shi kuwa littafin Salaga, kamfanin Cassava Republic na Abuja ne ya buga shi a 2018, kamfanin da wata mace, Bibi Bakare-Yusuf, take cikin waɗanda suka kafa shi a 2006. An fassara littafin zuwa harsuna da dama, ciki har da Jamusanci da Faransanci da Italiyanci.

Marubuciyar ta bayyana cewa tushen labarin daga gidansu yake. Ta samu labarin cewa wata kakar kakanninta baiwa ce da ta biyo ta kasuwar Salaga, dangi kuma ba su riƙe ko sunanta ba. Ta ziyarci garin, ta ga rijiyoyin, ta karanta abin da matafiya da masana tarihi suka rubuta. Matsalar da ta fuskanta ita ce wadda aka ambata a sashe na 2.0: takardu sun cika da sarakuna da fatake da malamai da Turawa, mata kuwa sai jefi-jefi.

Dabarun da ta bi wajen cike wannan giɓi sun cancanci nazari. Na farko, ta raba labarin tsakanin mata biyu, babi na wannan, babi na waccan: Aminah, 'yar talakawa da mahara suka kama aka sayar, da Wurche, 'yar sarautar Gwanja mai sha'awar mulki, wadda daga baya ta mallaki Aminah. Ta haka mai karatu yake ganin bauta daga idon wadda aka saya da kuma wadda ta saya, ba a kuma ɗora laifin duka a kan baƙi ba. Na biyu, ta jingina ƙagaggun taurari a jikin abin da ya faru da gaske, wato rikicin sarautar da ya kai ga yaƙin 1892 da kuma zawarcin da Ingilishi da Jamusawa suke yi wa yankin. Na uku, ta gina duniyar mata daga ƙananan abubuwa, kamar suyar masa domin sayar wa ayari, da ɗiban ruwa, da hirar tsakar gida. Har ila yau, malamar da take koyar da Wurche ana kiran ta Jaji, abin da yake tuna wa mai karatu tsarin Nana Asma'u.

Idan aka kwatanta ta da Balaraba, za a ga cewa jigonsu ya yi kusa, wato mace da ikon da wasu suke da shi a kanta, amma hanya ta raba su. Mai rubutu da Ingilishi ta samu edita da fassara da masu karatu a nahiyoyi, sai dai dole ta yi wa baƙo bayanin abin da ɗan gari ya sani, kuma dattijuwar da ke zangon Salaga, wadda ba ta yi boko ba, ba za ta iya karanta labarin garinta ba. Mai rubutu da Hausa ta shiga har ɗakin wadda take magana a kanta, amma ta jira shekara 22 kafin littafinta ya fito da wani harshe.

5.0 Abin da Ke Gaban Marubuciyar Zango

Daga abin da ya gabata za a iya fahimtar ƙalubalen da ke gaban yarinyar da ta tashi a zangon Yendi ko Bawku ko Salaga tana son rubutu da Hausa. Na farko shi ne makaranta. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Gana take buga littattafai da su, ko da yake gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Ɗaliba a Yendi Dagbanci za a koya mata, a Salaga kuma Gwanjanci. Saboda haka takan iya Hausa a baki, ta iya haruffan Larabci a makarantar allo, amma ba a koya mata ƙa'idojin rubutun Hausar boko ba.

Na biyu shi ne karin harshe. Hausar Gana, wadda masana suke kira Gananci, ta bambanta da Daidaitacciyar Hausa. A bakin masu magana da yawa, bambancin jinsi ya raunana, har a ce "ya zo" ga mace, haka kuma ɓ da ɗ da ƙ sukan koma b da d da k. Marubuciya za ta zaɓa: ko ta bi daidaitacciya domin ta samu kasuwar Nijeriya da Nijar, ko ta riƙe karin garinsu domin taurarinta su yi magana kamar mutanen gaske. Mafita ɗaya da marubuta suka saba bi a harsuna da dama ita ce a yi bayani da daidaitaccen harshe, a bar taurari su yi hira da karinsu.

Na uku shi ne kasuwa. Abin da ya ɗaga matan Kano shi ne haɗuwar maɗaba'a da dillalai da ƙungiya da rediyo a gari ɗaya. Hausawan Gana kuwa a warwatse suke a zango-zango. A nan ne hanya ta huɗu take da amfani, domin waya ba ta san iyakar ƙasa ba, kamar yadda nasarar marubuciyar Maraɗi a gasar Hikayata ta nuna.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa dabarun rubutu da hanyoyin ɗab'i Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Hadda ta haifar da waƙa mai sauƙi, kamfani ya haifar da gyararren littafi amma kaɗan, kasuwa ta haifar da dogon labari mai kashi-kashi da yawan hira, waya da gasa kuma suka kawo nasu tsarin. Tarihin Salaga ya ƙara nuna cewa rashin sunayen mata a taskar rubutu ba rashin fasaha ba ne, rashin hanya ne. Don haka ya kamata ɗalibi, duk lokacin da ya ɗauki littafin wata marubuciya, ya duba wanda ya buga shi, da shekarar da aka buga, da mutanen da aka bugo shi dominsu, kafin ya yanke hukunci a kan salonsa.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana yadda raba littafi kashi-kashi ya shafi zubin labari a Adabin Kasuwar Kano.

2. Kwatanta hanyar da Nana Asma'u ta bi wajen yaɗa rubutunta da wadda marubutan intanet suke bi.

3. Wace riba da wace hasara ke tattare da rubuta labarin Salaga da Ingilishi maimakon Hausa?